Hannun da Kawu bai ɗaga ba

Ranar da Kawu ya rasu, maƙeran Kasuwar Umdurman suka ajiye masaba tun kafin azahar, suka taho a ƙafa da baƙin gawayi a hannuwansu. Babbansu ya tsaya a ƙofar gida ya kasa shiga, yana ta juya hularsa. Inna, ƙanwar Kawu wadda ta haife ni, ba ta yi kuka ba sai da aka fito da angarib, gadon igiyar nan da muke ɗaukar gawa a kai. Da ta gan shi sai ta ce, "Oh, ɗan'uwana, yau dai ka hau gado ko ba ka so." Daga nan ta fashe. Matan da suka zo daga unguwar Hajj Yusuf ba su gane maganar ba, mu 'yan gida muka gane. Tun da aka kashe ɗansa, Kawu bai ƙara kwana a kan gado ba, tabarmar zaman makoki ya mayar makwancinsa.

Wani tsohon shawish, wato saje, abokinsa tun suna soja, ya zo a raksha, keke mai ƙafa uku, aka sauko da shi da ƙyar. Ya lallaba ya tsaya gaban gawar, ya ƙame, ya sara mata. Liman kuwa da muka dawo daga maƙabarta ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya sa ya tafi da zuciya wankakkiya." Na ce amin, amma na ji inda ya dosa. Liman bai taɓa iya jifa a ɓoye ba.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce Iya, maƙwabciyarmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita, katangar ma da 'yar kafa da ake miƙo kwano ta ciki. Ita ta goya ni shekarar da Inna ta yi jinya, kuma har na yi gemu ba ta daina ajiye mini ƙanzon tuwo ba. Tana kuka tana cewa, "Ya tafi bai ɗaga ba, ya tafi bai ɗaga ba." Kowa a unguwa ya san abin da take nufi.

A nan mai ta'aziyya ba ya farawa da dogon zance. Zai shigo rumfar makoki, ya tsaya gaban mai gawa, ya ɗaga tafukansa ya ce, "Fatiha." Mai gawa ya miƙe, ya ɗaga nasa, su karanta tare, su shafa, sannan a gaisa. Ko wanda kuka yi shekaru kuna gaba da shi, in ya ɗaga ka ɗaga, magana ta mutu. In kuwa ka bar hannunka a ƙasa, ka gaya wa duniya cewa akwai jini tsakaninku, kuma bai bushe ba. Mutum ɗaya tak Kawu ya yi wa haka a rayuwarsa, ɗan Iya. Kawu bai bar ɗa ba, don haka ni aka tsayar a bakin rumfa ina karɓar gaisuwa. Tun ranar farko aka raɗa mini cewa ɗan Iya yana gari, kuma zai zo ranar uku. Kwanakin nan da na yi ina ɗaga hannu ina saukewa, ba abin da nake tunani sai abin da zan yi da hannun nan in ya tsaya a gabana.

Bari dai in faɗi wane ne Kawu, don mutanen yanzu saurin mantuwa gare su.

Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya iso bakin kogin nan, ya ce bari ya huta. Hutun ke nan har yau. Kawu bai taɓa ganin inda kakan ya fito ba, amma in aka kawo masa goro sai ya sunsuna ya ce, "Ƙamshin gida." In ka ce masa, "Kawu, wane gida, kai da aka haifa a bayan kasuwa?" sai ya ce, "Kai dai jaki ne, ci gaba da zuga." Kowa jaki ne a wurin Kawu in yana son sa. Wanda bai so kuwa, "Ustaz" yake ce masa, da ladabi mai ban tsoro.

Murhun gawayi yake ƙerawa, da wuƙaƙe, da madafin kofi. Ba ya shan jabana, kofin nan namu, sai da citta mai yawa, har ta sa baƙo tari, shi kuma yana dariya. Rediyonsa "maƙaryaciya" yake ce mata, amma ba ya fara aiki sai ya kunna ta, wai yana so ya ji ƙaryar yau. Duk Juma'a sai ya goge takalminsa har ka ga fuskarka a ciki. Wannan kaɗai ya rage masa daga aikin soja, shi da tabon bulala a gadon bayansa.

Labarin tabon ba ya ba da shi don alfahari, kamar abin dariya yake faɗinsa. Yana saurayi yunwa ta kai shi bariki. Wata rana aka loda su a mota, aka kai su ƙofar wata masana'anta a Bahri, can tsallaken kogi, inda ma'aikata suka zauna a ƙasa suka ƙi tashi. Hafsa ya ce a harba. Kawu ya ce, "Ni ba jarumtaka na yi ba. Na ɗaga bindiga, sai na hango wani tsoho mai kama da babana sak, har da karkataccen rawani. Na ce kai, in na harbi wannan, wa zai ba uwata amsa? Sai na ajiye ta tsakanin ƙafafuna." Na kusa da shi ya harba, na can ma ya harba. Shi aka zane shi, aka rufe shi, aka kore shi da rigar jikinsa. In yaran maƙera suka ce, "Kawu, ai su umarni suka bi," sai ya ɗaga ɗan alinsa mai kanta ya ce, "Umarni ba shi da yatsa. Yatsan naka ne."

Da wannan duka, shi ya kai ɗan Iya soja, kuma wannan ne abin da ya ci shi har ya mutu. Mijin Iya ya rasu ya bar ta da yara, babban ba aiki ba sana'a, sai zaman bakin titi. Iya ta zo ta durƙusa. Kawu ya yi ta juya maganar, daga baya ya ce ƙasa ba ta zama in babu mai tsaron iyaka, ba laifi ba ne ɗa ya ci abinci da kaki. Ya sa takalminsa mai sheƙi, ya kama hannun yaron ya kai shi wurin tsohon shawish ɗin nan, aka yi masa hanya. Ranar da zai tafi horo, ina zaune a maƙera Kawu ya koya masa ɗaurin igiyar takalmi, ya ce masa, "Ya walad, kai yaro, bakin bindiga waje yake kallo. Ran da aka ce ka juyo shi gida, ajiye ta. Za su dake ka, ba za ka mutu ba, ga ni." Yaron ya dafa uwar maƙera ya rantse. Ni shaida ne.

Ɗan Kawu taubashina ne, tare muka tashi, kwano ɗaya, duka ɗaya. "Malam Tsoro" yake ce mini, ni kuma in ce masa "Kan Masaba", don in ya kafe ko uwarsa ba ta juya shi. Shekarar da mutane suka cika tituna suna neman sojoji su koma bariki, shi yana sahun gaba. Hannun ɗan maƙeri ya saba da zafi, don haka shi ke ɗaukar gwangwanin barkonon tsohuwa yana hayaƙi ya mayar musu da kayansu. Kawu bai hana shi ba. Safar hannun fata ma ya ba shi, wadda muke riƙe awartaki da ita.

Ranar da abin ya faru muna tare, kusa da bakin gada, da hantsi. Sojoji suka sauko daga motoci suka jeru, na gaba suka durƙusa a gwiwa ɗaya. Ba nisa tsakaninmu. Na ga ɗan Iya, na uku ko na huɗu daga gefe, shi ma ya gan mu, na rantse ya gan mu. Taubashina har ya ɗaga masa hannu. Ba mu da komai sai tuta da robar ruwa. Wani ya daka tsawa daga bayansu, suka buɗe wuta. Ɗan Iya bai ajiye ba. Na ga kafaɗarsa tana girgiza da bugun bindiga.

A ƙirji harsashi ya sami taubashina. Ni na ɗauko shi a bayana har inda muka samu raksha, jininsa yana bin wuyana yana shiga rigata. Kafin mu kai asibiti ya cika. Abin da ban yafe ba har gobe, da yamma rediyon Kawu ta ce ba a harbi kowa ba. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ɗauke ta ya ɗora a uwar maƙera, ya sauke mata masaba sau ɗaya. Bai sake sayen wata ba.

Ɗan Iya bai zo zaman makoki ba. Sai da aka kwana biyu, wata safiya ya shigo maƙera cikin jallabiya, ba kaki. Ya tsaya ya ɗaga tafukansa ya ce, "Fatiha, Kawu." Kawu yana riƙe da ƙarfe a wuta. Ya ajiye, ya goge hannuwansa a cinya, ya bar su a nan.

"Kawu, ta'limat ne wallahi. Umarni ne. An ce a buɗe, kowa ya buɗe. Ban san inda nawa ya faɗa ba."

"Na yarda ba ka sani ba, Ustaz," in ji Kawu. Da na ji "Ustaz" sai na san abin ya ɓaci. "Ba jininka nake nema ba. Wa ya ce a buɗe? Ka san shi, kana sara masa kullum. Ranar Juma'a ka miƙe a masallacin unguwa, bayan sallama, ka faɗi sunansa mutane su ji. Ka faɗa, in ɗaga hannu a nan take."

"Za su kashe ni, Kawu."

"Suna kashewa kam. Ka fi ni sani."

Ya tsaya da hannu a sama har ya gaji, ya sauke, ya fita. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Daga baya ma muka ji an ƙara masa igiya.

Nan rigimarsa da Liman ta samo asali. Liman ya tara dattawa, suka zo da rago da buhun sukari, wai sulhu. Ya yi wa'azi mai kyau, ban ƙi ba, a kan falalar yafiya, da cewa soja bawan umarni ne, alhaki yana wuyan na sama. Kawu ya bari ya gama, ya ce, "Malam, na sama da kake faɗi, wane ne? Faɗa mini sunansa in kai masa alhakin." Liman ya kau da kai. Kawu ya ce, "Ka gani? Na ƙasa ya ce na sama, na sama ba shi da suna, ɗana kuwa yana da suna, ni na raɗa masa. Allah ya ba mai jini zaɓi, ya yafe ko ya riƙe. Kai kana so ka ƙwace mini abin da Allah ya ba ni, don unguwa ta samu barci." Liman ya ce wannan taurin kai ne. Kawu ya ce da taurin ake ƙira. Suna cikin haka ragon sulhu ya tsinke ya cinye kuɓewar da Inna ta shanya. Kawu ya kama shi da kansa, ya ja shi ta tsakiyar titi da rana tsaka, kowa yana gani, ya ɗaure a ƙofar Liman. Da la'asar kuma ya je ya bi shi salla, a sahun farko, kamar ba a yi ba.

Kada wani ya ce mutumin nan baƙar zuciya gare shi. Ita Iya, Kawu bai taɓa canza mata fuska ba. Murhunta ya huje, ya ƙera mata sabo. Da layya cinyar farko gidanta take shiga. In ta miƙo abinci ta kafar katanga yana ci, har ya ce gishiri ya yi yawa. Sau ɗaya ta ce masa, "Yaya, don Allah," ya ce, "Ke ba ki harbi kowa ba, 'yar'uwa. Kar ki ɗauki kayan da ba naki ba." Ba ta sake ba.

Da yaƙi ya shigo gari, abin da aka yi mana a bakin gada ya zama abin kullum a ƙofar kowa. Masu kaki iri-iri, kowanne da nasa na sama, suna shiga gidaje, suna harba manyan bindigogi cikin unguwannin da suka tashi a ciki. Mutane suka watse. Kawu ya ƙi fita, ya ce ba ya barin kabarin ɗansa. A cikin kwanakin nan ne wani soja, magidanci mai furfura a gemu, ya faɗo gidanmu da azahar ba bindiga, leɓensa ya tsage don ƙishi. Ya ce an sa su saita wuta kan wata unguwa, ya jefar ya gudu. Ni na ce a kore shi, kaki kaki ne. Kawu ya ce, "Kai dai jaki ne." Ya ba shi ruwa, ya tuɓe tasa jallabiyar ya ba shi, ya cusa kakin a wutar maƙera ya sa ni zuga. Da mutumin zai tafi Kawu ya rungume shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga hajji. Ban taɓa ganin ya yi wa wani haka ba tun rasuwar taubashina.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ana jibi zai rasu, ina ba shi kunu, na ce, "Kawu, in ta Allah ta kasance, ɗan Iya ya zo, me zan yi?"

Ya dube ni da idon nan nasa. Ya ce, "Hannu biyu Allah ya ba ka, bai ba ni ajiyarsu ba. In na ce kar ka ɗaga, ka ƙi ɗagawa, umarni ka bi. To me ya raba ka da shi?" Ya ture kofin ya ce kunun ba citta.

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Na so ya ɗora mini in huta.

Ranar uku, bayan la'asar, rumfa cike, ɗan Iya ya shigo. Ya rame, yana jan ƙafa ɗaya, yaƙi ya taɓa shi. Hira ta ɗauke, har masu raba shayi suka tsaya. Ya zo gabana ya ɗaga tafukansa ya ce, "Fatiha." Kamar yadda aka saba, duk rumfar ta ɗaga tare da shi, Liman ne kan gaba. Ni ina zaune. Ina jin numfashin mata a bayan labulen rumfa.

Ya sunkuyo ya ce, "Ɗan'uwa, na zo da abin da Kawu ya nema. Zan faɗi sunan. A nan, gaban kowa."

Na ce, "Yana ina, mai sunan?"

Ya ce, "Ya mutu a yaƙi."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce, da ƙarfi yadda na ƙarshen rumfa zai ji, "Kun ji fa. Lokacin da sunan yake da haƙori, ya ɓoye shi ya karɓi igiya. Yanzu mai sunan yana ƙasa, mai tambayar yana ƙasa, shi ne ya kawo mana. Ihu bayan hari. Ustaz, riƙe kayanka. Tsohon nan ya jira ka Juma'a bayan Juma'a, a masallacin da ke bayanka. Ni ba sunan wani nake nema ba. Ni na ga kafaɗarka."

Liman ya ce, "Ya waladi, ɗana, ji tsoron Allah, gidan mutuwa ne." Na ce, "Na sani, Malam. Mutuwa biyu ce ma."

Tsohon shawish ne ya fara sauke hannunsa. Babban maƙera ya bi, sauran maƙera suka bi, sahu sahu hannuwa suka koma cinya. Liman ya ɗan jima, ya duba dama da hagu, shi ma ya sauke. Aka bar ɗan Iya shi kaɗai a tsaye da tafuka a buɗe, leɓensa yana motsi, ba mai ce masa amin. Ya juya yana jan ƙafa, mutane suka janye gwiwoyinsu suka ba shi hanya. Na ji daɗi. Allah ya gani, na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ban tuba da shi ba.

Da aka watse na shiga cikin gida, na tarar da Iya tsaye a tsakar gida ta yafa mayafi, ta tattara kwanukanta da ta yi kwana uku tana kawo mana abinci a ciki. Ta kira ni da sunan da take kirana ina goye a bayanta, wanda ba mai kirana da shi yanzu sai ita.

Ta ce, "Ɗana ne."

Na ce, "Na sani, Iya."

"Kai ma ɗana ne. Har yaushe ke nan?"

Na ce, "Har a tashe mu, Iya. A can akwai mai tambayar da ba a ce masa umarni ne."

Ta ɗora kwanukan a ka ta fita. Washegari da safe na ji ana kwaɓa laka a gefensu, aka toshe kafar katanga. Ba ta ƙara yi mini magana ba, ko a hanya.

Allah ya yi wa Kawu rahama, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da ɗansa a inda ba a jera sojoji. Wanda ya ce a harba da wanda ya harba, na bakin gada da na kowace unguwa a garin nan, Allah ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin jure rashin Iya, don wannan ne ban yi shirinsa ba.